Gajiyar Jiya

Ranar da Malama Constance ta koya musu dokar riƙe sirri, Rumasa'u dariya ta yi har 'yan aji suka waiwayo. Ajin na masu koyon aikin mataimakin lauya ne, a kwalejin da ke kusa da gidansu a garin Largo na Amurka. Ita kuwa Constance lauya ce da ta daɗe tana shiga kotu, ba ta ɗaukar wargi. Cewa ta yi in ka gamu da wanda ya kawo muku matsalarsa, a kasuwa ne ko a tashar jirgin ƙasa, kada ka kuskura ka nuna daga ofis ka san shi, sai in shi ya fara.

"Malama," in ji Rumasa'u da Turanci, "mu fa a wurinmu wanda ya wuce mutum bai gaishe shi ba, cewa ake bai sami tarbiyya a gidansu ba."

"To ki gaishe shi," Constance ta ce. "Amma irin gaisuwar da za ki yi wa kowa."

Rumasa'u ta ce a ranta, wannan ai shan ruwa ne.

'Yar Kano ce, daga Gwale. Gwaggo Tayyiba, ƙanwar babanta, ita ta yi ɗawainiyar zuwanta Amurka, ta ba ta ɗakin ƙasa na gidanta, ta ce yi karatunki, tuwo ba ya ƙarewa a gidan nan. Mace ce mai hannun kyauta, wannan kowa ya shaida. Sai dai kuma duk rigimar auren da ta tashi tsakanin Hausawa, daga Largo har Silver Spring, a falonta ake kashe ta. A kira miji, a kira mata, a kira dattawa, a ba mace haƙuri, a ci tsire a watse. A wurin Gwaggo babu abin kunya irin a ji Bahaushiya ta kai mijinta gaban alƙalin Turawa.

Cikin sharuɗɗan karatun, duk Juma'a Rumasa'u tana wuni a wani ofishin taimakon shari'a na kyauta a Landover, inda Constance ke aiki. Gwaggo da kanta take sauke ta a bakin ƙofar da safe.

Wata Juma'a sai ga Hairat ta shigo, ta ja mayafi har bisa ido. Mutuniyar Nijar ce, matar Souleymane direba, sun sha haɗuwa da Rumasa'u wurin suna da walima. Da suka haɗa ido Hairat ta juya za ta fita. Constance ta tsayar da ita, ta sa aka gaya mata duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan zai kwana, kuma in ba ta yarda da Rumasa'u ba za a nemo wani tafinta wani mako. Hairat ta ce ba ta da wani mako. Ta zauna.

"Shina so ya kai ɗiyata Maraɗi wurin uwarshi," ta ce. "Wai ta koyi tarbiyya. Ya yanki tikitin ƙarshen wata, fasfo ɗinta na hannunshi. Na ce ban yarda ba, ya ce ba shawara ya kawo mini ba."

Yarinyar, Afnan, shekararta shida, a nan aka haife ta. Ita kuwa Hairat takardunta ba su kammala ba, in ta fita ƙasar ba ta dawowa. Ke nan in jirgi ya tashi da Afnan, sai dai uwar ta riƙa ganin 'yarta tana girma ta waya.

Sun wuni a kai. Rumasa'u na fassara tana rubutawa, Hairat na kuka tana sharewa. Constance ta ce ranar Litinin da safe za ta roƙi kotu ta hana fitar da yarinyar sai an saurari kowa. Amma ta ja kunne: kafin Litinin kada maganar ta isa kunnen Souleymane. Sauya ranar tikiti ba wuya, in ya ji gobe-goben nan yana iya wucewa da ita.

Washegari Asabar aka yi suna a Silver Spring, a zauren taro na wani dogon bene. Mata sun cika, kowa da kularta. Rumasa'u ta shigo rungume da kular shinkafa, Gwaggo na bayanta, sai ga Hairat a bakin tebur tana jera masa. Idonta har yanzu a kumbure. Tausayi ya kama Rumasa'u, bakinta kuma ya riga hankalinta.

"A'a, Hairat, sannu! Ya gajiyar jiya?"

Kash! Magana zarar bunu. Ba a tambayar mutum gajiyar jiya sai an sha wahalar jiyan tare. Hairat ta daskare, masa ɗaya ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa. Ta ce "lafiya lau" ƙasa-ƙasa, ta sunkuya ɗaukowa. Gwaggo Tayyiba kuwa ta ji komai. Kallon Hairat ta yi, ta kalli 'yar ɗan'uwanta, ta gyara zaman gyalenta ta wuce gaida mai jego.

Rumasa'u ba ta iya cin komai ba. Ta fita baranda ta kira Constance, ta gaya mata abin da ta yi ba ƙari ba ragi, ko da hakan zai sa a kore ta daga ofishin. Constance ta ce za ta sanar da Hairat ta hanyar da suka shirya, maganar Rumasa'u kuma sai Litinin. "Daga yanzu," ta ce, "ko kalma ɗaya."

Da la'asar suka dawo gida. Ko takalmi Rumasa'u ba ta gama cirewa ba Gwaggo ta nuna mata kujera.

"Zauna. Me matar Souleymane ta je yi ofishinku?"

"Gwaggo, ba zan ce ta je ba, ba zan ce ba ta je ba."

"Iye? Ni za ki yi wa Turancin lauyoyi da Hausa? Ni na sauke ki a ƙofar ofishin jiya, yamma lis kika dawo. A ina kuka gaji tare, a mafarki?"

Ƙarya tana nan kusa. Rumasa'u tana iya cewa a bas suka haɗu, amma ta san Gwaggo: Alƙur'ani za ta ɗauko ta ce dafa. Ta fasa ƙaryar.

Gwaggo ta sassauta murya, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. "Ruma, ke yarinya ce, ba ki san aure ba. Ki gaya mini, in kira shi da dattawa a gyara cikin rufin asiri. Kotu ba ta gyara gida, rusa shi take. Ni zan cuci Hairat? Ni na yi mata wankan jego da hannuna a garin nan."

Gaskiya ne, ta yi. Wallahi zuciyar Rumasa'u ta karaya, don tana ƙaunar matar nan kamar uwa. Amma ta san yadda sulhun falon nan yake tafiya. Kafin magariba an kira Souleymane, zai zauna kansa a ƙasa yana "to Hajiya, to Hajiya," gari na wayewa yana filin jirgi da yarinya a hannu.

"Gwaggo, ke kika koya mini ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Tuwon wa? Tuwon wa kike ci a cikin nan naki?"

"Naki. Kuma har in mutu ina godiya. Amma abin da aka ba ni ajiya ba nawa ba ne, balle in biya tuwo da shi."

Gwaggo ta miƙe, ta ɗauki waya. "To bari in kira mijin in tambaye shi."

Rumasa'u ba ta bari tsoro ya nuna a fuskarta ba. Ita ma ta miƙe.

"Kira shi, Gwaggo. Ki ce masa me? 'Yar ɗan'uwanki ta gaida matarsa a gidan suna? Duk garin nan an san Hajiya Tayyiba ba ta shiga magana sai ta san kanta da gindinta. Yau ki shiga gidan mutum da gaisuwa kawai a hannu, gobe a ce kin koma kai tsegumi."

Inda ke ciwo ta taɓa. Gwaggo ta tsaya da wayar a hannu. Girman nan da ta yi shekaru tana ginawa ba za ta zubar da shi a kan zato ba, ita ma Rumasa'u ta san haka. Ta jefar da wayar kan kujera.

"Gidan nan ba ya ɗaukar masu sirri biyu. Ko ki faɗa, ko ki nemi inda za ki kai sirrin naki."

"Na ji, Gwaggo."

Ta sauka ɗakinta ta haɗa kaya, littattafan doka a ƙasa, tufafi a sama. Ta yi kuka sosai, ba za a ɓoye ba. Amma ta wanke fuska kafin ta hau, ta durƙusa har ƙasa ta yi sallama, ba a amsa ba. Rana ba ta faɗi ba ta ja akwatinta zuwa tashar jirgin ƙasa ta Largo. Lizzy, wata 'yar ajinsu mai ɗaki ɗaya a Silver Spring, ta ba ta doguwar kujera da bargo.

Ran Litinin aka shigar da takardu, alƙali ya ce kada a fitar da yarinyar sai an yi zama. Constance ba ta kori Rumasa'u ba, amma ba ta ƙyale ta ba. Ta cire ta daga shari'ar, ta rage mata maki, ta kuma sa ta tsaya gaban aji ta bayyana, ba tare da sunan kowa ba, yadda gaisuwa ke tona asiri. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Labari kuwa ya bazu da aka kai wa Souleymane sammaci. Laifin duka aka ɗora wa Rumasa'u: ta yi boko ta fi ƙarfin gwaggonta, tana zuga matan mutane. Masu kiranta ɗaukar kula suka daina.

Bayan wata ya ƙare aka yi walimar saukar karatu a Landover. Ba wanda ya gayyace ta, ta ci ado ta je, don ba ta ga abin da ta sata ba. Ta durƙusa gaban Gwaggo ta gaishe ta, Gwaggo ta ce "lafiya" tana kallon bango. Rumasa'u ta zauna a tsakiyar zauren, kujerun gefenta duka biyu babu kowa.

Can sai ga Hairat a bakin ƙofa, Afnan na riƙe da gefen zanenta tana tsotsar alawa. Ranar tikitin ta wuce, ga yarinya nan tsaye a Landover. Rumasa'u ta ji hawaye na zuwa, gaisuwa ta taso mata har bakin leɓe. Ta haɗiye ta, ta mai da idonta kan farantin da ke gabanta. Wata daga baya ta ce, "Kun gani ko? Yanzu ko gaisuwa ba ta iya ba."

Hairat ba ta nufi wurin manya ba. Ta ratsa zauren nan kai tsaye, mayafinta a kafaɗa, ta tsaya a gaban Rumasa'u. Ta ɗaga murya yadda har masu rabon abinci sai da suka ji.

"Rumasa'u, ina gajiyarmu ta rannan?"

Kowa ya waiwayo. Rumasa'u ta ɗago, ta dubi uwar, ta dubi 'yar.

"Ba gajiya," ta ce.

Ta jawo kujerun nan biyu da kowa ya guje wa, Hairat ta zauna a ɗaya, Afnan ta haye ɗayar.