Folke Ya Sami Natsuwa a Ɗakin Wanki

Shekara ashirin da shida Folke yana jan bas a garin nan, bai taɓa ko gogar madubin motar wani ba. Sai ga likitar wurin aikinsu ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta kalli lambar, ta kalle shi, ta sake kallon lambar.

"Folke, jinin nan ya hau ƙwarai. Na ba ka mako huɗu. In bai sauka ba, sitiyari kam sai dai ka gani a hannun wasu."

Magani yana sha, gishiri ya bari, har kifin gwangwanin da yake mutuwar so ya haƙura. Saura natsuwa, in ji likita. Ta tura shi ajin ranar Talata, inda wata malama marar takalmi ta koya musu su zauna, su rufe ido, su bi numfashi yana shiga yana fita, tunani in ya zo a ƙyale shi ya wuce. Ta ce kowa ya nemi wurin da ba mai damunsa a gida, in da wata ƙara mai tafiya bai ɗaya, ya fi.

A gida? Tab! Matarsa Berit tun da ta yi ritaya ta ɗauki koyon goge.

Sai ya tuna da ɗakin wanki na ƙarƙashin bene, wanda duk mazauna benen ke amfani da shi. Akwai allon ranaku da lokuta a bakin ƙofa, kowa da ɗan kwaɗonsa mai lambar ɗakinsa. Inda ka maƙala naka, awa ukun nan taka ce, ko sarki bai isa ya taɓa ƙofar ba. Folke ya maƙala, ya shiga, ya kunna injin wanki ba komai a ciki, ya zauna a benci. Wuuu, shaf, wuuu, shaf. Ko minti biyar ba a yi ba ya tafi. Ba barci ba ne, shi dai ya ji ba shi da hannu, ba shi da ƙafa, ba shi da fasinja ko ɗaya. Da ya hau sama ya gwada jininsa, ya sauka.

Kwana uku sai ga takarda a ƙofa: "WANI yana kunna inji ba kaya. Ɗakin wanki na wanki ne." Ba suna, amma wa bai san rubutun Majvor ba, tsohuwar hawa na uku? Sun haɗu a lif ɗin hawa bene da yamma, ta ce masa sanyi ya shigo, ya ce ya shigo kam.

To, sai ya koma wanki da gaske. Labule, zanin gado, bargon kare, labulen kuma.

"Folke, ina mayafin tebur? Jiya fa ka wanke shi!" in ji Berit.

"Ƙura ta hau."

"Ƙurar gidanku! Rigar cocina har ta koɗe!"

Ranar Juma'ar awo ta zo. Ofishin likita shiru kamar an yi mutuwa. Aka ɗaura abin awo, lamba ta cilla sama.

"Na ba ka minti sha biyar, ka yi abin da aka koya maka," in ji likita, ta fita.

Ya rufe ido. Ina! Sai bugun zuciyarsa kawai. Ya lalubo waya ya kira Berit.

"Sauka ƙasa, ki kara wayar nan a jikin inji."

"Ka haukace? Safiyar Juma'a ce, lokacin Majvor ne!"

"Berit, aikina ne. Don Allah."

Berit ta sauka, ta yi abin da ba a taɓa yi ba tun da aka gina gidan: ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin wanki a lokacin wani. Folke yana ji ta waya aka buɗe, Berit ta yi ta in-ina.

"To me ya hana shi rubuto takarda?" in ji Majvor. Can kuma sai muryarta ta matso. "Folke, wankin zanin gado na sa, awa ɗaya da minti goma. Ya ishe ka?"

Wuuu, shaf. Folke ya tafi.

Likita ta dawo ta auna, jini kamar na ɗan shekara ashirin. "Madalla, Folke!" Shiru. "Folke?" Ta tafa hannu. Ta girgiza kafaɗarsa. Nas ta zo ta saki faranti a ƙasa, tar! Mutumin naku yana zaune, waya a kunne, fuska sai sheƙi. Suka yi ƙoƙarin zare wayar, yatsu sun ƙi buɗuwa. Sai da injin can ya gama ya yi ƙii-ƙii-ƙii sannan ya buɗe ido yana murmushi.

"Na ci?"

"Jini kam ya sauka," in ji likita. Ba ta yi murmushi ba. "Me ke kai ka can?"

"Ƙarar inji ce kawai. In tana tafiya bai ɗaya ba yankewa, shi ke nan."

"Folke, bas ɗinka da me take tafiya?"

Shi ba maƙaryaci ba ne. Ya gaya mata abin da ya faru ranar Laraba: a danjar gaban coci ƙarar bas ta ɗauke shi, fitila ta yi kore sau uku yana tsaye, fasinja arba'in ba wanda ya ce uffan, don kada su shiga sabgar wani.

Likita ta ba shi haƙuri, ta sa hannu a takardar hana shi tuƙi. Ya ajiye mata katin aikinsa a kan tebur da kansa.

A tasha bas ta zo, ya shiga ta ƙofar fasinja, ya zauna can baya inda bai taɓa zama ba. Baƙin ciki ya kama shi, ya so ya yi kuka, da gaske ya so. Sai motar ta tashi, ƙarar ta ɗauke shi. Sai da aka kai ƙarshen layi direban ya kashe inji, sannan kukan ya zo.