Abin da Ake Durƙusa wa a Bakin Tur'a

A gidan suna na fara jin maganar. Wai Ustaz Butrus (haka muke kiran malamin makaranta a nan), Kiristan nan ɗan duwatsun Jibal Nuba da yaƙi ya koro daga birnin Madani aka ba shi ajin kimiyya a ƙauyenmu, yana kwasar yara in an tashi daga madarasa, ya kai su bakin tur'a inda ruwan gonaki ke bi, ya jera su a durƙushe yana bin su da ruwa. Na tambayi mai ba da labarin ko ita ta gani. Ta ce mijin ƙanwarta ne ya hango daga kan keken jakinsa a hanyar garin Managil. Na san mutumin. Jakin nasa ma sai ya yi kuka yake gane shi.

Da na bar zancen a nan, ba don Hamid ba. Ɗan nawa ya ji a masallaci, ya dawo ya ce 'yarsa Ramla ta gama zuwa madarasa. Yarinyar da yaƙi ya riga ya cinye mata karatu, sai a hannun mutumin nan ta farfaɗo, har tana damuna da tambayar me ya sa ƙasar gona ke tsagewa da rani. Ta ce itace suke shukawa. Uban ya ce haka aka koya musu su faɗa.

"Bari in gani da idona," na ce masa. "In gaskiya ne, ni zan fara rufe mata ƙofa." Ya yarda ta ƙara zuwa na kwana ɗaya.

Washegari bayan azahar na ɗauki sandata. Wurin fili ne fetal, tun lokacin da gas ya yanke muka sare itatuwan muka yi girki da su. Daga nesa na hango su, kamar dai yadda aka faɗa. Yara ne a jere a durƙushe, kai a sunkuye, ga dogon mutum da bokiti yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Da na matso na ga kowane yaro hannunsa na cikin ƙasa har gwiwar hannu. Tulu ne a binne, bakinsa kawai a waje, kusa da shi ɗan tsiron gawo. Fasassun tulunan da muke jefarwa bayan gida ne. Ustaz ya gaishe ni da Larabci, ya bayyana mini cewa tulu mai tsaga yana tsatso ruwa a hankali ga saiwa, rana ba ta shanye shi. Yaran suna zura hannu ne su ji inda ruwa ya tsaya, shi kuma ya cika.

"Habboba, wannan naki ne," in ji Ramla, da sunan da jikoki ke kiran kaka a nan, tana nuna wani mai guntulen baki. "Wanda kika ce Baba ya fasa."

Ban yi dariya ba tukuna. Na dubi mutumin na tambaye shi kai tsaye ko addininsa yake koya musu.

"A'a, ya hajja. Amma ba zan ɓoye miki ba, addinina ne ya fito da ni nan. Na yarda Allah ya ba mu ƙasa amana ce, kuma zai tambaye ni. Su kuma nasu malamin ya gaya musu ladan shuka itace, ba su bukatar nawa."

Muna cikin haka aka kira la'asar. Ya tafa hannu ya ce kowa ya rufe tulunsa ya tafi salla, ya kuma tsawata wa wani da ke neman laɓewa bayan gaɓar tur'a. Na yi kamar na tafi, na waiwayo. Sai da fili ya zama ba kowa, sannan Ustaz ya durƙusa a ƙarshen layin, ya haɗa hannuwansa, yana addu'a.

Na iske Hamid a ƙofar gida. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sauke numfashi, ya leƙa ciki ya ce wa Ramla, wadda ta riga ni isowa, ta wanke rigar makarantarta. Sannan ya tambaye ni me zai gaya wa mutanen masallaci.

"Gaya musu yara suna durƙusawa, su duba ruwan tulu. Malamin yana addu'arsa, shi kaɗai, bayan ya tura su salla."