Gudummawa a Tsakiyar Aski

Shekara ashirin da shida Mai Aski ya yi yana kallon ƙeyar mutane. Wata safiya yana share gashi daga ƙarƙashin kujera, sai ya yanke wa kansa cewa kafin ya mutu sai ya ga teku.

Bai taɓa ganinsa ba sai a talabijin ɗin shago, wadda launinta ya lalace tun bara, komai kore take nunawa, har fuskar mai karanta labarai. Daga garinsu zuwa bakin teku kwana biyu ne a mota, a jirgi awa biyu. Jirgin ya zaɓa. Tunda dai buri ne, bai ga dalilin yi wa kansa rowa ba.

Matarsa ya fara faɗa wa, tana goge kayan makarantar yara.

"Teku," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ka iya iyo ne, Baban yara?"

"Ba shiga zan yi ba. Kallo."

"Da wane kuɗin?"

"Jama'a za su taimaka."

"Ciwo kake yi ko gobara ka yi?"

"Ke ba ki san zamani ba. Na ga wani a waya, ya ce zai zaga duniya a keke, aka tara masa."

"Shi ai ko ba komai ya murza keken. Kai me za ka murza?"

Maganar ta zauna masa. Ba wanda zai ciro kuɗinsa don wani ƙato ya je ya tsaya yana kallon ruwa. Tafiyar tana bukatar suna mai mutunci. Ya samo shi a cikin kwalin sabuwar kilifa, injin askinsa: wata takarda mai sheƙi da ke tallar baje kolin kayan aski, kwana uku, a wani birni da ke bakin teku. Ya yanko kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe, GUDUMMAWAR ƘARO ILIMI DOMIN AMFANIN KAWUNANKU. Ya huda murfin tsohon gwangwanin hoda, ya ajiye su tare a ƙarƙashin madubi.

Bayan sati biyu ya buɗe gwangwanin. Ya tarar da maɓallin riga, da wani tsabar kuɗi da aka daina karɓa tun yana saurayi, da kuma addu'o'i masu yawa, waɗanda aka ba shi da baki.

Dabarar da ta yi aiki ba shi ya ƙirƙiro ta ba, faɗo masa ta yi. Yana aske Ticha, malamin lissafi na makarantar da ke bayan layi, ya gama ɓangaren hagu tas, na dama yana nan cunkus, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya kashe kilifa ya duba. Da ya ɗago, sai ya ga Ticha a madubi, an naɗe shi da ƙyalle har wuya, rabin kai fari rabi baƙi, kuma saura minti ashirin ya shiga aji. Mutum ne da ba inda za shi.

Mai Aski ya ajiye kilifar a hankali.

"Ticha, ka kuwa lura da gwangwanin nan?"

"Na gani. Allah ya taimaka. Ƙarasa mini."

"Amin. Ka san ilimi ba sai na gaya maka darajarsa ba."

"Ƙarasa mini, na ce."

"Yanzun nan. Hannuna ne ya ɗan riƙe."

Ticha ya kalli agogon bango, ya kalli kansa, ya zura hannu ta ƙarƙashin ƙyalle ya lalubo aljihu. Hannun Mai Aski ya warke nan take.

Daga ranar aikin shago ya samu sabon tsari. Mai aski kai, a tsakiya ake yi masa maganar. Mai gyaran fuska, sai an shafa kumfa an ɗora aska a maƙogwaro. Ba ya yi wa kowa barazana. Tambaya yake yi, cikin ladabi, da murya ƙasa ƙasa, askar tana hutawa a inda take. Mai Taya, wanda rumfar facinsa ke kallon shagon, mutum ne da ba a taɓa ganin cikin aljihunsa ba, amma shi ma ya bayar, idonsa a kan silin, yana magana ba tare da ya motsa haɓa ba.

"Ban tilasta wa kowa ba," Mai Aski ya gaya wa matarsa.

"Haka ne," in ji ta. "Kowa da son ransa ya zaɓi wuyansa."

Mutum ɗaya ne dabarar ba ta kama ba, Baba Fansho, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke zuwa duk farkon wata. Gashin da ya rage masa bai wuce zagayen kunne ba, ba abin da za a riƙe a ciki. Mai Aski ma bai yi niyyar tambayarsa ba. Tsohon ne da kansa, bayan an gama, ya kwance bakin hankici, ya ƙanƙance ido yana kai takardun kuɗin kusa da hanci, ya miƙo fiye da abin da kowa ya bayar.

"A'a Baba, haba dai," in ji Mai Aski, tafin hannunsa a buɗe.

"Karɓi, ɗana. Ai garin da za ka, can yarona yake aiki. Zan ba ka ɗan saƙo ka miƙa masa."

"Wannan ai ba komai ba ne, Baba."

A gaban mutum huɗu da ke kan benci ya faɗi haka. Kafin la'asar duk layin ya san cewa Mai Aski yana karɓar saƙo, kuma ba komai ba ne.

Ticha yana son takalmi ruwan ƙasa, lamba arba'in da huɗu, mai igiya, ba mai tsini ba. Mai Taya yana son wani ƙarfe na injin iskarsa, ya kawo tsohon a leda, yana ɗigar baƙin mai. Wani batirin waya, wani maganin gwiwa na surukarsa, wani kuma hoto kawai yake so a ɗauko masa na wani gini da aka ce kakansa ya yi gadi a ciki. Kowa ya ba da kuɗin kayansa daidai, ba ko na mota a kai. Mai Aski ya juya kwalin gudummawa ya rubuta a bayansa. Saƙo goma sha tara.

"Jama'a, kwana uku ne fa kacal," in ji shi.

"Kwana uku kana kallon almakashi?" in ji Ticha. "Almakashi kala nawa ne a duniya?"

"Kuma ai mu muka tura ka," in ji Mai Taya.

Mai Aski ya ajiye kwalin. Da zai iya cewa ba almakashi zai je kallo ba, amma wannan maganar sai ta jawo wata.

A jirgi kujerar tsakiya aka ba shi, tsakanin wata mata mai jariri da wani mutum mai faɗin kafaɗa wanda ya cika taga. Masaukinsa kusa da tashar mota yake, tagar ɗakin tana kallon bangon wani ɗakin. Bai damu ba. Teku ba gudu zai yi ba.

Ranar farko ya shiga baje kolin don ya samu shaida. Ya tsaya kusa da wata kujerar aski da kuɗinta ya fi na shagonsa da duk abin da ke ciki, har da shi, ya roƙi wani ya ɗauke shi hoto. Aka ba shi biro kyauta. Ilimin da ya ƙaro ke nan, cikin minti arba'in. Daga nan ya nufi kasuwar takalma, ya kira Ticha ta bidiyo kamar yadda aka umarce shi.

"Juya shi in ga ƙasan. A'a. Wannan ruwan ƙasa ne ko ja?"

"Ruwan ƙasa ne, Ticha."

"A wurinka. Shiga shago na gaba."

Shago na goma sha ɗaya ne ya yi. Rana ta riga ta faɗi.

Rana ta biyu ta Mai Taya ce. Ƙarfen nan, ashe, an daina yin irinsa. Aka tura shi wata unguwar masu walda, daga can aka tura shi wata, yana tafe da leda mai ɗiga, wayarsa tana ƙara duk bayan minti goma. Mai maganin gwiwa ya kira sau shida. Mai hoton gini ya ce ba wannan ginin ba ne, na kakansa yana da bene. Wani da ko sisi bai saka a gwangwani ba ya kira ya ce ya ji ana aike. Duk wanda ya kira da tambaya ɗaya yake farawa, "Kana ina yanzu?" da muryar mai gida da ya aiki direba. Mai Aski ya lura ba wanda ya tambaye shi ya hanya.

Safiyar rana ta uku ya zauna a bakin gado da buhu biyu na kayan mutane. Jirginsa ƙarfe biyu. A kwalin saura layi ɗaya da bai soke ba, ƙunshin Baba Fansho, ɗan ƙarami, an naɗe shi da takarda an ɗaure da zare irin ɗaurin mutanen gidan waya. Ya sauka ya nuna wa matar da ke karɓar baƙi adireshin.

"Wannan gabas ne, awa ɗaya da rabi a bas," in ji ta.

"Teku fa?"

"Yamma. Minti arba'in."

"In mutum yana son duka biyun kafin ƙarfe biyu?"

"Sai ya zo da ɗan'uwansa."

Ya koma ɗaki. Ƙaryar ma ta zo masa a shirye: ya je, ya buga, ba kowa, maƙwabta sun ce ya tashi. Ya maimaita ta sau biyu a madubin banɗaki, ta zauna daidai. Ya ɗauko waya don ya duba lokaci, sai ya bi jerin kiran da aka yi masa a kwana biyun nan. Mutum goma sha takwas sun kira, wasu har sun gaji. Baba Fansho bai kira ko sau ɗaya ba. Da ya kira ya dame shi kamar sauran, da Mai Aski ya tafi yamma hankalinsa kwance. Ya ja tsaki, ya ɗauki buhunansa, ya hau bas ɗin gabas.

Ɗan Baba Fansho a hawa na huɗu yake, ba lif. Ya buɗe ƙofa rabi, da rigar ofis, da wani aski da Mai Aski ya kalla ya ji tausayin kan. Ya karɓi ƙunshin, ya kwance a tsaye. Tsohon agogon hannu ne da wasiƙa. Ya karanta, ya ɗago.

"Kai ne mai askin da ya zo ƙaro ilimi?"

"Ni ne."

"Baba ya ce ya taimaka maka da kuɗin jirgi."

"Ya ba da gudummawa, Allah ya saka masa."

"Watan jiya na aika masa kuɗin tabarau. Likita ya ce idon ba zai jira ba." Ya dube shi daga sama har ƙasa, har buhunan. "Ashe kai ne tabarau ɗin."

Mai Aski ya ce shi bai sani ba. Gaskiya ne, bai sani ba, kamar yadda mutum ba ya sanin abin da ya ƙi tambaya.

"To, Allah ya sa ilimin ya yi amfani. Tsaya." Ya shiga ciki ya fito da kwali mai nauyi. "Injin awon jini ne. Ka kai masa, tunda dama hanyarka ce."

Ko ruwa bai ba shi ba.

Lokaci ya ƙure, dole ya ɗauki tasi da ragowar kuɗinsa. Suka bi wani dogon titi, a gefen hagu katanga ce mai tsayi, a bayanta an jibge kwantenoni hawa hawa. Wani wari ya shigo motar, mai gishiri da ƙarni.

"Mene ne wannan?" in ji Mai Aski.

"Teku ne, yallaɓai. Yana bayan katangar nan."

"Ba inda ake leƙawa?"

"Akwai, in muka juya. Minti ashirin in ba cunkoso." Direban ya kalli titi. "Akwai cunkoso."

Mai Aski ya kalli agogon motar. Ya sauke gilashi har ƙasa, ya fito da hancinsa, ya yi ta shaƙa har katangar ta ƙare. A jirgi aka sake ba shi tsakiya. Na bakin tagar ya ja labulenta tun kafin a tashi, ya yi barci.

Da yamma ya isa gida. Matarsa ta taya shi shigo da buhunan da kwalin, ta ɗaga bakin ɗaya ta leƙa.

"Wanne ne namu a ciki?"

Ya ciro biron daga aljihu ya miƙa mata. Ta juya shi, ta gwada a tafin hannu. Yana rubutu.

"To, tekun fa, ka gan shi?"

Ya zauna ya cire takalmi. Ya daɗe yana murza ƙafa.

"Na ji ƙarninsa."

"Ƙarninsa."

"Sosai ma. Kusan minti biyar."

"Ai da ka faɗa mini ƙarni kake so, Baban yara, da na aike ka wurin mai kifi. A ƙafa ake zuwa."

Sai aka yi sallama a ƙofa. Ticha ne, da safa a hannu, ya zo gwada takalminsa.