Dalmar Jajiberen Kirsimeti

Shekara arba'in ina zaune da Radomir, amma in za a faɗi gaskiya, rabin zaman nan a ɗan ɗakinsa na ƙarshen lambu ya yi shi, gaban tukunyar dalma. Can yake zuba harsasan libarbarsa da hannunsa. Ba irin masu tsinin nan ba ne, nasa kansu a shafe yake kamar guntun alli, don in sun bugi takarda su yanke rami zagayayye tsaf, babu yagewa. A wurin masu gasa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bakin ramin in ya taɓa layi ko da kaurin gashi ne, babban makin ake ba mutum.

Duk shekara, washegarin Kirsimeti, ƙungiyar maharban ƙauyenmu tana yin gasa a kan dinya guda, tsuntsuwar nan 'yar'uwar agwagwa. Duk shekara kuma Kvido mai kiwon zuma ke saɓa ta ya tafi gida, mijina ya zo na biyu. Abin da ya fi ba ni haushi, kakin zuman da Radomir ke haɗawa da kitsen tunkiya yana shafa wa harsasan, Kvido ne ke kawo masa kyauta, yana murmushi.

A bana likita ya dubi hannun Radomir da ya fara rawa, ya ce ba zai sa hannu a sabunta masa lasisi ba, ƙarshen wata zai miƙa bindiga. Wannan gasar ita ce ta ƙarshe ke nan. Da muka dawo sai ya je ya ɗauko ragowar tsohon bututun ruwa na gidan mahaifinsa, dalma mai laushi da ya daɗe yana ɓoyo. Ya narka ta da ɗan kuza, ya zuba, ya auna harsasan ɗaya bayan ɗaya, ya jera zaɓaɓɓu a gwangwanin biskit. Saura ya shafa musu kaki ya ɗura su a kwanson albarushi.

Ranar jajibere da rana ya tafi maƙabarta kunna wa iyayensa kyandir. Ina kicin ina fama da kifi da kwaɗon dankali sai ga yayarsa Ludmila da tawagarta, 'ya'ya da surukai. Ita ce ke zuba mana narkakkiyar dalma a ruwa kowane jajibere, kowa ya ga siffar shekararsa mai zuwa, kuma ba ta son jira, wai motarsu ta ƙarshe da yamma take tashi. Ta manta dalmarta a gida. Ludmila kuwa ba a taɓa yin ƙofar da ta ƙwanƙwasa ba, ta zarce lambu ta dawo da gwangwanin biskit. Na ɗauka biskit ne.

"Kun ga ƙanena akwai tsari," na jiyo ta tana cewa. "Har ya yanka mana su daidai cokali."

Kafin in wanke hannu in fito, rabin gidan sun riga sun ga shekararsu. 'Yarmu Jarmila ta samu wani abu mai kama da gadon jariri, mijinta ya yi ja har kunnuwa. Ludmila ta samu jirgin ruwa, ta ce teku za ta. Na buɗe baki zan yi magana, na leƙa gwangwanin na ga saura uku, na san aikin gama ya gama. Ta narka su a ludayi ta danƙa min, ni ma na zuba. Ta tsamo nawa daga daron ruwan. Gicciye ne, sak irin na kan kabari.

"Almakashi ne," in ji ta. "Ɗinki za ki koma."

Na jefa shi aljihun riga. Tun ranar da muka fito daga wurin likita tsoro ke cina a kan mutumin nan, yanzu ga shi a aljihuna, da sanyinsa.

Radomir ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga hula. Ya dubi daro, ya dubi gwangwani, ya ja kujera ya zauna a hankali.

"Yaya, bututun Baba ke nan kika zuba a ruwa."

"To ai bai ɓata ba, yana hannun 'ya'yansa da jikokinsa."

"Jibi gasa."

Kowa ya dubi siffar da ke hannunsa. A wurinmu ba a rabuwa da siffar da mutum ya zuba, ajiye ta ake yi har shekara ta zagayo, wanda ya yar da ita ya yar da sa'arsa. Radomir ya fi kowa sanin haka, shi ya sa bai roƙa ba. Jarmila ce ta fara tashi ta ajiye gadon jaririnta a gabansa.

"Baba, ara zan ba ka. Ka harba shi daidai."

Saura suka biyo baya. Ludmila ce ta ƙarshe, ta tura jirginta tana ƙunƙuni. "In ban ga teku ba bana, kai za ka goya ni ka kai ni."

Dalma mai danshi in ta faɗa tukunya mai zafi fashewa take yi, don haka da safen Kirsimeti, bayan na fitar da burodi, sa'ar dangi kaf ta shiga tanderuna ta bushe. Radomir ya narka, ya kwashe dattin sama, ya fara cika mazubi. Can sai ya leƙo kicin yana sosa ƙeya, ya ce abin da datti ya ci ya sa ya gaza harsashi biyu.

"Vlasta, ke ba ki zuba ba jiya?"

"Na zuba, Baban Jarmila. Nawa ba ya aruwa."

Ya miƙo hannu, hannun nan mai rawa, ya bar shi a miƙe har na gaji na zaro. Ya juya gicciyen a tafinsa, ya dube ni, ya gane abin da na kwana da shi.

"Wannan ne ya hana ki cin kifi? Kawo, na san inda zan aika shi."

Shi kaɗai ya narka shi a ludayi, ya zuba harsashi biyu, ya goga wa kwansonsu jan fenti.

Ranar gasa ƙauyen ya cika rumfar harbi, dinya tana kwando tana tsawa. Kvido ya ɗauki harsashi ɗaya ya shinshina.

"Tsoho, na ji labari. Da sa'ar gida guda za ka harbe ni? Wannan ai maguɗi ne."

"Kakinka ne a jikinsu, mutumina. In na ci, da kai aka haɗa baki."

Suka jera, hannu ɗaya a miƙe, ɗaya a aljihu. Ni ban iya lissafinsu ba, fuskar Kvido nake karantawa, kuma na ga murmushin yana raguwa. Da aka zo zagayen ƙarshe Radomir ya sa jajayen biyu a ƙarshen layi. Na farkon ya tafi lafiya. A na biyun hannun ya kama rawa har daga inda nake ina gani. Ya sauke, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Na rufe ido, sai ƙarar na ji.

Alƙalin gasa ya daɗe a kan takardar da gilashinsa. Ramin bai shiga tsakiya ba, a gefe yake, amma bakinsa ya yanku tsaf kuma ya ɗan ciji layin goma. Ya ba da goma, Radomir ya wuce Kvido da maki ɗaya. Ludmila ta fi kowa ihu, tana gaya wa mutane jirginta ne ya yi aikin. Kvido da kansa ya ɗauko kwandon ya dire a gaban mijina, ya rungume shi, ya daɗe bai sake shi ba.

Da mutane suka ragu Radomir ya goge libarbar, ya kwantar da ita a akwati, ya rufe. Na ɗauka a nan zai karaya. Sai ya karɓo takardar, ya zo ya ɗaga min ita saitin taga, haske ya biyo ta ramin ƙarshe.

"Ga naki na bana, na sake zuba miki. Me kika gani?"

"Rami."

"Duba dai da kyau. Zobe ne. A wurin Yaya zobe aure ke nan."

"Bayan shekara arba'in?"

"To me? Daga ƙarshen wata ba ni da ɗakin lambu, sai kicin ɗinki. Ki yi shiri."

Na karɓe takardar na ninke ta na sa a aljihun da gicciyen ya kwana. Na ce masa ya ɗauki dinyarsa mu tafi, kafin mutane su ga tsohuwa tana kuka.