Zoɓo Babu Citta

Zaituna ta tsiyaye ruwan, ta sa yatsa ta shafo gindin robar, har yanzu da sauran yashi. Masu sayar da zoɓon nan, Allah ya shirye su, sai ka ce da gangan suke auno wa mutum har da ƙasar gonar. Amma dai na bana ne, baƙi wuluk, mai kauri, ko ɗanɗanawa ba sai an yi ba. Ta sake ɗauraye shi, ta juye a tukunyar da ke tafasa a kan murhu, ta bi shi da ɓawon abarba, ta rufe.

Washegarin ƙaramar Sallah ce, Sallar farko tun da soja suka koma bariki. A gidan Malam Isyaku da ke Madabo kuwa wannan rana tana da tata al'adar. Bayan La'asar abokansa sukan cika soro, a shimfiɗa tabarmi, a fito da zoɓo mai sanyi da cincin, a yi ta musun duniya har a kira Magariba. Bana ma sun aiko cewa suna nan tafe. Sai dai maigidan da za su zo dominsa yana can ƙuryar ɗaki, kuma babu wanda ya san ko zai fito.

Malam Isyaku ɗan injin buga takardu gare shi, katin biki da kalanda da makamantansu. Wata rana ya buga wa wasu ma'aikata masu yajin aiki takarda, kwana biyu sai ga mota mara lamba a bakin lungu, aka tafi da shi. Shekara huɗu ba a ko ji ɗuriyarsa ba. Gab da damina aka sako shi, ya dawo a rame, babu haƙora biyu na gefe, ya shiga ɗakinsa. Tun daga ranar bai taka waje ba. Salla a ɗaki, aski a tsakar gida. Wani lokaci yakan taso har bakin ƙofar soro, sai ya tsaya cik, ya mayar da hannuwa baya, ya sunkuyar da kai kamar mai jiran a ba shi izini. In ya gaji da tsayuwar ya juyo.

Abin da ya fi ci wa Zaituna rai ma ba wannan ba ne. Mutumin nan da can sarkin ƙorafi ne, wallahi. Tuwo ya yi ruwa, miya ta yi gishiri, shayi ya huce. Zoɓon Sallah kuwa ba ya yarda kowa ya sayo masa citta, shi da kansa zai je Ƙofar Wambai, ya karya ta, ya shinshina, ya tsaya yana gardama da mai kayan yaji. Sau nawa ta yi kuka a kan mitarsa tana amarya! Yanzu ko me ta ajiye masa sai ya cinye tas, ya ce, "Ya yi. Na gode." Kalmomin nan sun ishe ta, har tsoron jin su take yi.

Tana cikin dakan kanumfari da masoro aka yi sallama. Yaya Indo ce, yayar Malam, ta shigo tana dafa bango tana nishi saboda gwiwa.

"Barka da Sallah, Yaya. Sannu da hanya."

"Barkanmu dai. Miƙo min kujerar nan kafin in zube miki. Kai, wannan ƙamshi! Ashe dai ana nan ana yi." Ta zauna, ta warware mayafi, ta kalli labulen ɗakin Malam, ta rage murya. "Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

"Da sauƙi, da sauƙi. Tun bara kike ce min da sauƙi. Idi ma jiya bai je ba, ko?"

Zaituna ta ci gaba da daka.

"To ajiye taɓaryar nan ki saurare ni. Daga gidan babbanmu Yaya Lawal nake. Jiya maza sun zauna bayan an sauko. Sun ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, shafar iska ce. Akwai wani malami a bayan gari da yake riƙe irinsu, wata uku ko huɗu, ana yi musu turare da rubutu. Yaya Lawal zai zo anjima tare da abokan. In Isyaku ya fito ya zauna da mutane, shi ke nan. In bai fito ba, jibi za a zo da mota."

"Riƙe su yake yi? A ɗaki?"

"To a ina zai riƙe su?"

"Da kwaɗo a ƙofa, Yaya?"

Yaya Indo ta kawar da kai. "An ce masu gardama ne kawai ake sa wa mari a ƙafa."

Zaituna ta kalli labulen ɗakin. Mutumin da ko ƙarar sakata ya ji sai ya zabura, shi za a sake kullewa? Ta san in aka saka shi a motar nan ba zai yi gardama ba, zai shiga ne ya ce ya gode. Kuma ta san wanda za a dawo mata da shi ba zai ƙara tasowa ko bakin soron ba.

"Ni ma ba son raina ba ne," in ji Yaya Indo. "Ni na goye shi. Amma wa zai ja da Yaya Lawal? Mun yi roƙo, mun yi lallashi, limamin unguwa ya shigo har ɗaki. Me ya rage?"

Zaituna ta ajiye taɓaryar. Ta kwashe garin kanumfarin ta zuba a tukunya. Ta ɗauko cittar da ke faifai, busasshiya, manyan saiwoyi masu kyau, ta kai hannu za ta jefa a turmi. Sai ta tsaya. Ta juya wa Yaya Indo baya, ta ƙulle cittar a haɓar zaninta, ta soke.

Da zoɓon ya dahu ta sauke, ta tace da mataci, ta surka. Mazarƙwailar da ta jiƙa tun safe ta ɗan ɗiga kaɗan, ta bar sauran. Ta ɗebo a ludayi ta kurɓa, sai da ta runtse ido. Tsami zalla, salam, ga ɗacin kanumfari a baya. Ko maha'inci ba zai sayar da wannan ba. Ta cika kofin silba ta nufi ɗaki, Yaya Indo ta bi ta da kallo.

Yana zaune a kan buzu, ya jingina da gado, sanye da sabuwar shaddar da ta sa aka ɗinka masa. Rediyo na gefensa a kashe.

"Malam, ga zoɓon. A ɗanɗana mana."

Ya karɓa da hannu biyu. Ta kafe shi da ido. Ya kurɓa, ta ga maƙogwaronsa ya tsaya, ta ga gefen bakinsa ya motsa. Sai ya kafa kai ya shanye duka, ya miƙo mata kofin.

"Ya yi. Na gode."

Allah sarki. Ji ta yi kamar ta zauna a wurin ta fasa kuka. Haushi ne ya hana ta, haushin waɗanda suka koya masa wannan ladabin, har da shi kansa da ya ƙi mantawa.

"To madalla," ta ce. "Tunda ya yi, bari in zuba a jug. Shi za a kai wa baƙi."

Ta juya, har ta kama labule.

"Baƙi?"

"Su Alhaji Gambo mana. Da Yaya Lawal. Bayan La'asar."

Ta tsaya riƙe da labulen, ba ta waiwayo ba.

"Wannan ɗin za a ba su?"

"Shi. Ai ka ce ya yi."

"Ni daban." Ya yi gyaran murya, muryar ta sha wuya kafin ta fito. "Gambo bakinsa ba shi da linzami. Zai yi ta yawo da ke a gari, ya ce matar Isyaku ta manta zoɓo. Babu citta a ciki, Zaituna."

Rabon da ya kira sunanta har ta manta. Ta danne abin da ya taso mata, ta juyo da fuska a ɗaure.

"Ta ƙare."

"A aiki yara."

"Suna Ƙofar Ruwa wajen Inna, yawon Sallah. Sai dare."

"Maƙwabta fa?"

"Ranar Sallah in bi gidaje ina roƙon citta? Ga wuta a murhu, ga cincin ban soya ba. Yaya kuwa ka ga gwiwarta." Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yin abin da za ta yi yanzu ba. "Malam, tashi ka je Ƙofar Wambai ka sayo min."

"La ilaha illallahu!" Yaya Indo ta faɗa daga tsakar gida. "Zaituna! Mijin naki kike aika kamar wani ɗan cikinki?"

Amma kafin ta rufe baki Malam ya miƙe. Zumbur ya miƙe, hannuwa a gefe, ido a ƙasa. Saurin tashin nan shi ya soki Zaituna. Ba don ita ya tashi ba, muryar umarni ya ji, jikinsa ya amsa tun kafin shi ya yi tunani. Kunya ta rufe ta. Yau ga shi ta yi masa magana irin ta mutanen can, kuma ta yi aiki. Saura kaɗan ta ce ya zauna, wasa take yi, ga cittar nan. Ta tuna motar jibi, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ya ɗauki hula ya sa. Ya zura takalmi. Ya ratsa tsakar gida, ya gaida yayarsa a ladabce. Zaituna na biye da shi a baya har cikin soro.

A bakin ƙofa ya tsaya. Hannuwan suka koma baya, kan ya sunkuya.

Waje lungu ya cika da hayaniyar Sallah. 'Yan mata sun wuce da lalle da sababbin atamfofi suna dariya, wani mai babur yana ta matsa oda, daga wani gida rediyo na watsa gaisuwar 'yan siyasa. Rana ta shigo har kan takalminsa. Zaituna ta san kalma ɗaya ta rage. In ta ce masa wuce, da irin muryar ɗazu, zai wuce. Ta buɗe baki, ta kasa. In dai sai an ba shi izini zai fita daga gidan ubansa, to har yanzu yana can, kuma ita ce sabuwar mai gadin. Ta jingina da bango ta yi shiru, hawaye na bin fuskarta.

Tsayuwar ta yi tsawo. Tana jin numfashinsa, tana ganin yatsunsa suna murza juna a bayansa.

Can sai yatsun suka saki. Ya kawo hannu ɗaya ya gyara zaman hularsa. Ya ɗan juyo, bai kalle ta sosai ba, amma ta ga gefen bakin nan mai giɓi ya ɗaga.

"Zaituna."

"Na'am, Malam."

"In za ki yi wa mutum ƙarya, ki riƙa wanke hannu. Tun da kika miƙo min kofi nake jin ƙamshinta."

Ta dafe haɓar zaninta, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Bar ta a nan," ya ce. "Waccan ta kwana biyu, na ji. Bari in je in ga ko Ilu mai yaji yana nan da rai."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa. Ya ɗan tsaya yana ƙifta ido saboda hasken, sannan ya bi gefen bango a hankali, hannu ɗaya na shafar katanga. Zaituna ta leƙa ta gefen ƙyaure. Wani dattijo da ke alwala a ƙofar gidansa ya ɗago, butar ta tsaya a hannunsa.

"Wa nake gani haka? Isyaku?"

"Ni ne, Baba. Barka da Sallah."

Ba ta jira ta ji sauran ba. Ta koma ciki da sauri tana share fuska da bakin mayafi. Yaya Indo na nan inda ta bar ta, ta toshe baki da hannu biyu.

"Ya fita?"

"Ya fita, Yaya."

"To tsayuwar me kike yi? Mayar da tukunyar nan kan wuta! So kike ya dawo ya tarar ba a shirya ba, ya ishe mu da mita?"

Zaituna ta durƙusa gaban murhu, ta tura itace, ta shiga hura wuta.