Waya Huɗu, Ƙwai Goma Sha Biyar

Zaituna ta rasu ran Talata bayan azahar, ana yayyafi. Shekararmu talatin da huɗu da aure. Kafin magariba mun kai ta mun dawo.

Ran Laraba gidanmu da ke unguwar Takur a Dutse ya cika da 'yan ta'aziyya daga Garki, garinsu, da kuma Haɗeja, inda 'yarmu Mu'minatu take aure. Ran Alhamis ina zaure ina amsa "ya haƙuri" har bakina ya bushe, sai na ji ƙamshin farfesu. Na leƙa cikin gida. Zabinta shida ne, an yanka su duka saboda baƙi. Ba wanda ya tambaye ni. Ba kuma wanda ya tuna cewa ba a taɓa dukiyar mamaci kafin rabon gado, alhali a zauren nan akwai mutum huɗu da ke amsa sunan malam. Suka ci, suka suɗe yatsu, suka yi mata addu'a mai tsawo.

Zabin nan ba na kasuwa ba ne. Da ƙwai bakwai a ƙwarya ta zo da irinsu daga ɗakin mahaifiyarta, farare masu ɗigon toka a wuya. Kowace damina takan tara ƙwansu ta sa wa kaza, domin zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Bana ma ta yi haka: ƙwai goma sha bakwai a kwando, bayan ɗakin girki. Kullum da safe takan ja layi ɗaya da gawayi a bango, don ta san kwanakin. Layi tara na tarar. Ƙwan zabi kwana ashirin da takwas yake yi.

A ranar Alhamis ɗin, mata suka kafa murhu dab da kwandon. Kazar ta tashi, ta ƙi komawa. Aka zaga unguwa ba a samu wata mai kwanci ba. Wato duk abin da ya rage na zabin Zaituna shi ne ƙwan nan, kuma suna hucewa.

Ni malamin tarihi ne mai ritaya. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da abin da ya wuce ga yaran da ba su damu da jiya ba. Da na ajiye alli sai na koma wasa da ƙananan kayan lantarki a ɗakin karatuna. Abin da na fi alfahari da shi ƙararrawar ƙofa ce da ke kaɗawa duk lokacin da akuya ta gifta. Amma ina da abin auna zafi mai kunna gulob da kashe shi, akwai kuma batirin sola na gida. Na ɗauko babbar kula ta Zaituna, na huda ta, na sa gulob biyu da kwanon ruwa, na jera ƙwan a ciki. Zafi ya samu.

Saura juyi. Kaza tana juya ƙwanta da baki da ƙafa sau da yawa a yini, in ba a juya ba, ɗan tsakon ya manne a ɓawo ya mutu. Na ce zan yi da hannu. Sai dai tun ran Talata hannuna ke rawa, ko kofin shayi sai na kama da hannu biyu. Ran Juma'a na fasa ɗaya da safe, na fasa ɗaya da la'asar. Na biyun har da jijiyoyin jini a ciki. Na zauna ina kallonsa a ƙasa na tsawon lokaci. Saura goma sha biyar.

Ina da wani moto da na ciro daga tsohuwar firinta. Ba irin na fanka ba ne mai gudu ya yi ta yi. Wannan taku yake yi, ɗaya bayan ɗaya, taku ɗari biyu kafin ya zagaya, kuma inda ka ce ya tsaya nan zai tsaya. Daidai abin da zai karkata farantin ƙwai a hankali, hagu sannan dama. Ɗan allon kwamfuta da ake rubuta masa umarni na san shi. Tsakanin allon da moton akwai wani ɗan guntu kamar farcen babban yatsa, masu sayarwa suna ce masa direba, shi ke raba wa moton wuta taku-taku. Biyu nake da su. A duk faɗin Dutse ban san mai sayar da na uku ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne haɗa moton, mai waya huɗu: ja, baƙa, shuɗiya, koriya. Hannuna kuma ba zai iya ɗaure waya ba.

Shi ya sa na kira Mailafiya, ƙanin Zaituna. Shekararsa hamsin, mai haɗa sola ne, rabin gidajen unguwar Limawa shi ya haska su, sauran rabin kuma suna nemansa. Ya iso ran Asabar da hantsi, da filaya a aljihun riga.

"Yaya Malam, wai kai ne za ka yi kwanci?" in ji shi. "Da ka faɗa da wuri na kawo maka kwando."

"Zauna ka ɗaure waya, ba hira na kira ka ba."

Ya ɗauki moton, ya juya shi. "Wannan ai ba sai an yi karatu ba. Ja da ja, baƙi da baƙi. Sauran biyun ado ne." Kafin in buɗe baki ya ɗora jar waya da baƙar a kan batir. Shiru. Ya sake. Shiru. "Ya mutu, Malam. Allah ya ji ƙan—"

Ya haɗiye sauran. Muna jin muryoyin mata daga tsakar gida.

"Ba a ba shi wuta kai tsaye," na ce daga baya. "Ta hannun direba yake ci. Direban yana da ramuka huɗu, biyu-biyu."

"To ai shi ke nan. Ja da baƙa a biyun farko, 'yan adon a na biyu."

A nan ne laifina. Na karanta cewa wayoyin biyu-biyu suke, ban karanta wace da wace ba. Kuma ni ma a ƙasar nan na girma, inda kowa ya san ja da baƙi tare suke tafiya, daga batirin mota har na tocila. Na ce ya ɗaura. Muka kunna. Moton ya yi ƙugi, ya kama kakkarwa a kan tebur, sandarsa ba ta gaba ba ta baya.

"Ka ga, ya ɗauko halinka," in ji Mailafiya, yana nuna hannuna da baki. "Bari mu ga ko wuta na isa."

Masu sana'arsa ba su yarda da mita ba. Sukan zare waya, su ƙyasta ta a jikin wata, in ta yi tartsatsi an san akwai wuta. Ya zare shuɗiyar, wuta na kunne. Na ji ɗan ƙas, sai wari. Direban ya yi wani ɗan ƙurji baƙi a tsakiyarsa.

"Me ka yi?"

"Shekara ashirin ina yin haka!"

"Shekara ashirin kana ƙona wa mutane kaya suna cewa ƙaddara ce."

"Saura nawa?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ɗaya."

Warin ne ya kawo Mu'minatu. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin hijabi, idanunta sun kumbura. Ban gaya mata zancen ƙwan ba. Na ce a raina tana da abin da ya ishe ta, gaskiya kuma ban so ta san na fasa biyu ba. Ta dubi kular, ta dubi tebur.

"Baba, ƙwan Umma ne a ciki?"

"Su ne."

Ta matso ta ɗauki moton. "Irin na kekena ne. Uku ne a ciki." Shagon ɗinki gare ta a Haɗeja, da keken kwalliya mai kwamfuta. "Mai gyaran daga Kano yake zuwa, sai ya yi wata bai zo ba. Dole na koya. Kawu, cire komai daga batir. Komai."

"Yarinyar da na yi wa wanka—"

"Ban ce ba ka yi ba, Kawu. Cire."

Ya cire. Ta kwance wayoyin huɗu, ta miƙo mini moton. "Baba, juya sandar da yatsa." Na juya, tana tafiya sumul. Ta haɗa bakin jar waya da baƙar ta matse. "Sake." Sumul, kamar da. Ta saki baƙar, ta haɗa ja da shuɗiya. "Sake."

Sandar ta yi tauri a yatsuna, tana tafiya da ƙyar, ƙiris-ƙiris, kamar mai taka tsakuwa. Babu batir, babu wuta, amma abin ya ƙi ni.

"Waɗannan su ne 'yan ɗaki ɗaya," ta ce. "Naɗin waya biyu ne a ciki, kowane da kai da wutsiya. In kika haɗa kai da wutsiyar naɗi ɗaya, sai ya riƙe." Ta tsaya, ta gane da wa take magana, ta gyara. "In ka haɗa, Baba. Ja da shuɗiya, baƙa da koriya. Wani moton ma ba haka launinsa yake ba, sai an gwada."

"Wane mahaukaci ne ya raba ja da baƙi?" in ji Mailafiya.

"Wanda bai san da zamanka ba," na ce.

Ta ɗaga cajar wayar salula da na tanada don ciyar da komai. "Wannan ta ishi allon, ba ta ishi moton ba. Da ya ɗauki nauyin faranti zai tsaya. Moto daga batir, allo daga caja. Amma baƙar wayar batir da baƙar caja dole a haɗe su wuri ɗaya, in ba haka ba ba za su ji maganar juna ba."

"Baƙi da baƙi!" Mailafiya ya buga cinya. "Kun ji ko? Ai na faɗa."

"A nan kaɗai, Kawu."

In faɗi gaskiyarsa, ba wanda ya kai shi ɗaurin waya. Ya fere kowace, ya murɗe, ya ɗaure da sukuru, ya ja ya ga ba ta motsi. Mu'minatu ta sa direba na ƙarshe a gurbinsa, ta duba fuskarsa sau biyu kada ya shiga a juye. Akwai wani ɗan sukuru a bayansa mai rage wutar da ke zuwa moto, ta mayar da shi ƙasa, ta ce gara a fara da kaɗan a ƙara. Muka gwada da farantin da ba ƙwai.

"Kawu, hannunka a aljihu. Duka biyun. In wuta na kunne, ba a zare wa moton nan waya, ko gobara ake."

Ni na kunna. Moton ya ce tik, tik, tik, farantin ya soma sunkuyawa hagu, a hankali kamar tsoho zai zauna, ya tsaya inda na rubuta masa. Na danna maɓalli, ya koma dama. Ta ƙara sukurun kaɗan, ta ɗora bayan yatsa a jikin moton, ɗumi kawai. Ita ta kwashe ƙwan ta jera a farantin, ɗaya-ɗaya, kan mai tsini a ƙasa. Muka rufe kular.

Na zauna a kujera. Mailafiya ya ce a ba shi ruwa, ya sha, ya ce, "Da Yaya tana nan da ta yi mana dariya har ta faɗi." Ba wanda ya musa masa.

Bayan sadakar bakwai Mu'minatu ta koma Haɗeja, baƙi suka watse, ba sauran zabin da za su ci. Gida ya zama ni da tik-tik ɗin nan duk bayan awa uku. Na ci gaba da jan layin gawayi daga inda Zaituna ta tsaya, nawa a karkace. A mako na biyu hadari ya rufe rana kwana biyu, batir ya soma ja da baya. Ban kira kowa ba. Da azahar na ji babur a ƙofa, Mailafiya ne da batirin gidansa ɗaure a baya. Ya shigo, ya kashe wuta tukuna, yana kallona don in shaida, sannan ya canja.

A layi na ashirin da biyar na kashe moton, don a kwanakin ƙarshe ba a juya ƙwai. Ran Lahadi da hantsi ina karin kumallo na ji wata 'yar tsuwwa daga cikin kula. Na ajiye kofin, ban zubar ba. Ɗaya ya fasa, jiƙe sharkaf, mummuna, yana faɗa da ɓawonsa. Zuwa la'asar ɗin Litinin goma sha ɗaya ne. Huɗu ba su fito ba.

Na kira Mu'minatu, na sa wayar a bakin kular. Ta saurara, ta yi kuka, sannan ta ce kada in ba su ruwa a kwano mai zurfi, sukan nutse. Mailafiya ya zo ya leƙa, ya ce biyu nasa ne, ladan injiniya. Na ce ya je ya nemi direban da ya ƙona ya ba shi.

Da yamma na fitar da su a kwali zuwa bayan ɗakin girki, inda rana ke faɗuwa. Ina buƙatar in shimfiɗa buhu, in zuba tsakin gero, in tsare ƙofa kada kyanwa ta shigo, ga kwalin a hannu. Hannu biyu ba su isa ba. Na tsaya a nan ina juye-juye, sai na gane haka Zaituna take yi kowace damina, shekara talatin da huɗu, kwando a ƙugu, tana tura ƙofa da ƙafa. Ni kuwa ina kan tabarma taku biyar daga nan, littafi a hannu, in na ɗaga kai to don in ce a rage surutu ne.

Ba wata babbar magana ba ce, ban dai taɓa faɗinta ba: Zaituna, kawo in riƙe miki.