Ranar da Kiyashi Ya Shiga Fadamar Kamlai

A ƙauyen Nong Kung, in ana maganar shinkafa aka ce "irin ta Kamlai", to yabo ya ƙare. Ba wai gonar tsohon ta fi ta kowa girma ba. Fangali goma sha ɗaya ce kawai a gangaren gari, inda ruwa ke kwanciya. Amma shekara arba'in yana nomanta ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ita ce kuma rabon autarsa Lamduan, wadda ta zauna gida da mijinta don ta riƙe iyayenta, kamar yadda kowace auta ke yi a yankin.

Fadamar tana da aibi guda, kuma Kamlai ya san shi tun yana bin bayan ɓaunar huɗar ubansa. In ka haƙa taƙi ɗaya za ka tarar da ƙasa mai tauri kamar daɓen ɗaki, wadda kofatan ɓauna suka kirɓe tun zamanin kakanni. Ita ke riƙe ruwa a sama. Ƙarƙashinta kuwa farar ƙasa ce mai gishiri. Shi ya sa Kamlai bai taɓa barin bakin garma ya wuce rabin taƙi ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Wane manomi ne ke tallar aibin gonarsa? Ko matarsa Tongbai ba ta sani ba, balle suruki.

Surukin nan, Sanit, shekara bakwai ya yi a wata masana'anta a Taiwan yana tsaye gaban inji. Da ya dawo sai ya tattara guminsa kaf ya sayo wata 'yar tarakta ja, mai suna Kiyashi, da hoton kiyashin a hanci. Sabon kamfani ne na cikin gida, babu wanda ya san shi. Manyan taraktoci ba sa iya juyawa a ƙananan fangalin yankinsu na Isan sai sun rushe jinga, ita kuwa wannan juyawa take kamar mage a tsakar gida. Duk da haka mutanen Nong Kung suka taɓe baki. Abin da ba na Japan ba, in ji su, sai a bari wani ya fara ƙona hannunsa. Guda uku rak kamfanin ya sayar a duk gundumar.

Wakilin kamfanin, wani siriri mai suna Wirat, ba wawa ba ne. Bai tambayi wa ya fi kuɗi a ƙauyen ba, ya tambayi wa aka fi jin maganarsa. Ranar nan sai ga shi da kwandon lemo, ya tuɓe takalmi tun daga ƙasan matakala, ya haɗa tafuka a goshi, ya zauna ƙasa da tabarmar tsohon.

"Kaka, alfarma muka zo nema. Muna so mu yi bikin gwaji a gonarka. Surukinka ne zai tuƙa, ba baƙo ba."

Kamlai ya dubi Sanit da ke raɓe a bakin ƙofa. Mutumin da ke zaune gidan uban matarsa, yana cin tukunyarsu, yau ga shi idonsa na ƙyalli. Tsohon ya ce, "To, ba laifi."

Ya yi niyyar jan Sanit gefe ya ce masa a yi sama-sama. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Tsakanin suruki da suruki magana ba ta da sauƙin fita, ballantana wadda za ta zama kamar ana koya wa mutum aikinsa. Da safiyar bikin ya daure ya nufi rumfar, sai ya tarar da Sanit yana goge taraktar, ma'aikatan kamfani sun kewaye shi. Kamlai ya tsaya, ya gyara ƙyallen da ya ɗaura a ƙugu, ya buɗe baki.

"Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Baba."

Shi ke nan abin da ya fito.

An kafa rumfuna a bakin fadama, lasifika na ta zuba kiɗa. Sufaye tara suka zo daga haikali suka yi addu'a, babbansu ya ɗiga farin ƙullu a hancin taraktar, aka rataya mata furanni a sitiyari. Shugaban gunduma da kansa ya hallara. Mata na rabon shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda mai daddawar kifi. Sanit ya hau, ya tayar, ya yi layin farko a hankali, ƙasa baƙa tana kifewa yadda ya kamata. Kamlai ya ji numfashinsa ya dawo.

Sai Bunlat ya yi magana. Kowane ƙauye da nasa Bunlat, mutumin da bakinsa ya fi gonarsa albarka.

"Wannan ne abin da aka tara mu a rana mu gani? Ai kazar matata ta fi shi tono. Sanit, shekara bakwai a ƙasar waje, ashe mataji ka sayo mana."

Aka fashe da dariya har shugaban gunduma. Wirat ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ɗaga makirufo.

"Kawu yana son ya ga ƙarfi. Malam Sanit, nuna masa."

Sanit ya kai hannu ya tura wani ƙarfe. Fayafayan garmar suka nutse, injin ya sauya murya, 'yar taraktar ta dage ta ja. Ƙasar da ke kifewa ta fara fitowa baƙa, sannan toka-toka, sannan fara. Jama'a suka ɗauki tafi. Bunlat ya cire hularsa ya yi wa taraktar gaisuwa.

Kamlai ya sauka daga kan jinga kamar mai zuwa yaba aiki. Ya ɗauki ɓarɓashin ƙasar ya kai harshe. Gishiri ne, ba ko tantama.

Taku goma ne tsakaninsa da taraktar. Fangali ɗaya kawai aka taɓa, goma suna nan lafiya. Ɗaga hannu ɗaya ya isa. Amma ɗaga hannun nan a gaban sufaye da shugaban gunduma da mutanen ƙauyuka huɗu, ma'anarsa surukinsa bai san aiki ba, baƙin da suka ci shinkafarsa sun yi ɓarna, gonar da ake yabo kuma ashe gishiri ce a ƙasa. Ya dubi Sanit a kan kujera yana dariya da dukkan haƙoransa. Tun da ya shigo gidan, Kamlai bai taɓa ganin dariyarsa irin wannan ba. Ya dubi Lamduan tana tafi, tana waiwayen ƙawayenta. Tsohon ya haɗiye yawun gishirin, ya kaɗe hannunsa a ƙugu, ya koma kan jinga ya tsaya. Abin da ya sani game da ƙasa ya san shi sarai, amma kara ta fi ƙarfinsa, kuma ya ƙi jinin kansa tun a wannan tsayuwar.

Kafin rana ta take an gama duka goma sha ɗayan. Wirat ya kawo masa makirufo har baki.

"Kaka, jama'a na son jin ta bakinka. Me ka gani?"

"Tana da ƙarfi," in ji Kamlai. Bai yi ƙarya ba.

Aka tsayar da shi a jikin taraktar aka ɗauki hoto.

Daga ranar kasuwar Kiyashi ta buɗe. Fuskar Kamlai ta hau manyan alluna tun daga hanyar Roi Et har Kalasin, da kalmomin nan nasa a ƙasa. Kafin damina ta kankama an sayar da arba'in a gundumar. Gaskiya kuma a faɗe ta, injin ba shi da laifi. Ba ya lalacewa, kayan gyaransa na da araha, in ya yi tari makanikin kamfani na zuwa a babur kafin shinkafa ta nuna a tukunya. Tsofaffin da bayansu ya ranƙwashe suka sami hutu. Cikin shekara biyu sunan ya cinye na kowa, har in an ga tarakta ko ta wane kamfani ce sai a ce ga kiyashi nan.

Fadamar Kamlai kuwa ta fara mutuwa a gaban idonsa. Ruwan da a da yake kwana bakwai a fangali, yanzu kwana biyu ya tsiyaye. Dashen ya kama da ƙyar, bakin ganyen ya ƙone ya yi ja. Da kaka aka girbe abin da bai kai sulusin na da ba, rabinsa ma ƙaiƙayi. Da rani ya shigo sai farin ɓawo ya rufe ƙasar, yana ƙara in an taka.

Mutane suka ce hayaniyar biki ce ta ɓata wa aljanin gona rai. Tongbai ta dafa kaza, ta kai da kwalbar giyar shinkafa ɗan ɗakin aljanin da ke kusurwar fadama, ta durƙusa tana ba da haƙuri. Kamlai ne ya riƙe mata ƙafafun kazar aka yanka. Sanit kuwa ya rame. Da rana yana huɗar gonakin mutane, da yamma yana jido buntun shinkafa da kashin shanu yana zubawa a fadamar surukinsa. Ya daina zama cin abinci da su, sai dai Lamduan ta kai masa ƙarƙashin gida, tsakanin turakun da ke ɗauke da shi. Damina ta biyu ta fi ta farko muni.

Lamduan ce ta je ofishin gona ta kawo wata malamar ƙasa, mace mai tabarau da ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta huda wuri shida da ƙarfenta, ta murza ƙasar a hannu, ta miƙe.

"An fasa daɓen da ke riƙe ruwa. Gishirin ƙasa ya samu hanya ya hau. In an dage da taki da wanke ƙasar da ruwa, wataƙila shekara goma sha biyar ta dawo. Wataƙila." Ta dubi tsohon ta saman tabarau. "Amma Kaka, kai da ka shekara arba'in a nan, ba ka san akwai gishiri a ƙasa ba?"

Sanit na tsaye a dama, Lamduan a hagu. Da ya ce bai sani ba da an wuce wurin. Amma ya gaji da ɗaukar abin.

"Na sani."

Malamar ta hau motarta ta tafi. Sannan Sanit ya ce a hankali, "Baba, zo ka ga wani abu."

Ya kai shi rumfar tarakta. A gefen kujera akwai ɗan ƙarfe mai baƙin kai, da lambobi a jere daga ɗaya zuwa shida.

"Wannan shi ke sa zurfi. Ranar nan a kan biyu na fara. Da Kawu Bunlat ya yi magana na kai shi shida." Ya sa ɗan yatsa ya ja ƙarfen baya, ya yi ƙaras. "Ka ga. Yatsa ɗaya. Inna Sangwan, in na je huɗar gonarta, takan ce mini, yaro, tawa sama-sama, in yi mata a kan biyu, ba ta taɓa jin kunyar faɗa ba, ni ma ban taɓa jin haushi ba."

"Mutane sun yi yawa," in ji Kamlai. "Ban so in zubar maka da mutunci ba."

Lamduan ce ta amsa daga bayansu, muryarta ba ta ko tashi ba.

"Mutuncinsa ka kare, Baba? Shekara biyu mutumin nan bai iya haɗa ido da kai ba. Yana ganin shi ya kashe maka gona. Da ka ɗaga hannu, da an yi masa dariyar yini ɗaya, Bunlat ya samu na faɗa a wurin shan giya, shi ke nan. Yanzu me zan nome?"

Kamlai ya tsaya yana kallon ɗan ƙarfen.

Ba a yi wata biyu ba suka tafi. Kamfanin ya buɗe sabuwar masana'anta a Chonburi don ya kasa biyan buƙatar masu saye, kuma Wirat bai manta direban da ya buɗe masa kasuwa ba. Aka ba Sanit aikin zagaya larduna yana gwaji, Lamduan ta samu wuri a sashen fenti. Ranar tafiyar ta durƙusa ta gaida iyayenta yadda ya kamata, ta ce za su riƙa zuwa bikin sabuwar shekara. Auta ba ta barin gida, amma auta gona ke riƙe ta. Kamlai ya ɗaura musu farin zare a wuyan hannu, ya yi musu fatan alheri. Shekararsa sittin da takwas; ya yi lissafin goma sha biyar ɗin malamar sau ɗaya, bai sake ba.

Da rani ya tsananta, Tongbai ta jawo wani tsohon kwami na itace daga bayan rumbu, irin wanda matalautan tudu ke tace ƙasa a ciki su dafa gishiri, aikin da a da Kamlai ke tausaya wa masu yinsa. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai hana ba. Rumbun ya yi ƙasa, kuma ciki ba ya jin kara. Da sassafe suka ɗauki makankara da kwanduna biyu suka gangara fadama, ɓawon yana fashewa a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Tongbai ta tsaya a kan jinga tana dube-dube, farin ya kashe mata ido.

"Tsoho, ta ina za mu fara?"

Kamlai ya nuna fangalin ƙarshe, can ƙasa, inda a da yake yafa irin dashe.

"Can. Ya fi kauri a can."

Ya san gonarsa. Ya sauka ya durƙusa ya fara kankara.